Umma Za Ta Cire Sunan Abba

Jama'ar gidan nan, na san halinku sarai. Tun ban kai rabin labari ba wasunku sun fara rubuto mini "Auta ke ma kin cika zargi." To yau ku riƙe yatsunku tukuna, ku bari in kai ƙarshe, sannan duk wanda ya ga zai zage ni ya zaga, ba zan goge ba.

Wanda yau ya fara shigowa kuma, sannu da zuwa. Auta ake ce mini. Ina zaune da Umma da Abba a wani ɗan gida a saman bene, a ƙasar da muka yi ƙaura zuwa cikinta tun ina 'yar firamare. Yayyena sun yi aure, kowa ya kama garinsa. Abba direban bas ne, Umma tana ɗinki a falo, ni kuwa ina aiki a shagon hoto, irin ƙananan hotunan nan na fasfo da katin shaida. Sai kuma wani bawan Allah da ya nace mini, wanda kowa ke kira Tafinta, don aikinsa ke nan. Asibiti ne, kotu ce, ofishin 'yan sanda ne, duk inda Bahaushe ya maƙale da yaren mutanen nan shi ake kira, kuma duk garin shi kaɗai ke da izinin yin aikin. Dogo ne, ga shi ba ya fushi, abin da ke ba ni haushi ke nan da shi.

Abba ya ba ni zuwa ranar Juma'a in ba shi amsa kan maganar aurena da Tafinta. Yana cire takalmin aiki a bakin ƙofa ya faɗa mini, ko kallona bai yi ba.

"In kin ce eh, in ce kawunnansa su zo. In kin ce a'a, in sallame shi cikin mutunci. Ba na son yawo da hankalin ɗan mutane."

Wallahi a lokacin amsata a shirye take, kunya ce kawai ta hana ni faɗa a take. Umma ce ta dagula mini lissafi.

Ku gane, da farko Umma ba ta son Tafinta ko kaɗan. In ya zo gaisuwa sai ta ba shi shayi a kofin nan mai tsagaggen baki, ta koma kan kekenta tana taka shi da ƙarfi don kar mu ji juna. Bayan ya tafi ta ce, "Mutumin da bakinsa ne jarinsa? Yau yana bakin ɓarawo, gobe yana bakin alƙali. Ki dai yi a hankali." Haka muka yi wata da watanni ina lallashi tana taɓe baki. Kwatsam sai ga Umma ta juya. Kofin gilashi mai zanen zinare, wanda ko yayana ba a ba shi, shi aka fara fito wa Tafinta da shi. "Yaron nan" ya koma "ɗan nan." Ta ajiye ɗinkin mutane ta kama ɗinka mini labule da zanen gado, har sun cika saman kujera babu wurin zama. Da safe magana ɗaya, da yamma magana ɗaya.

"Wai me ake jira ne? A yi abin nan kafin sanyi ya shigo."

"Umma, ba ke ce kika ce in yi a hankali ba?"

"To kin yi. Ya isa haka."

Yo ni me zan ce? Na yi murna, amma murnar ba ta zauna mini daidai ba. Mutum ba ya kwana yana ƙin abu ya tashi yana sonsa haka siddan.

Abu na biyu, Umma ta daina zuwa ko'ina da ni. A ƙasar nan ni ce bakinta tun ina ƙarama. Yaren nan bai taɓa zama a harshenta ba, gaisuwa da sunan kayan miya kawai ta riƙe. Ni ke raka ta banki, ni ke raka ta asibiti, ni ke faɗa wa likita inda ke mata ciwo har da ƙarin gishirina. Yanzu kuwa sai in dawo daga aiki in tarar da takalminta na fita a jiƙe da ruwan sama.

"Ina kika je?"

"Asibiti. Ƙafar nan ce."

"Da wa?"

"Ke ce uwata? Suna da mai fassara."

Na ƙyale ta, amma ban gamsu ba.

Ranar nan ina neman makullin akwatin wasiƙa a jakarta, sai hannuna ya ci karo da wani ɗan farin ambulan. Na buɗe. Hotunan fasfo ne na Umma, sababbi fil, kuma ba daga shagonmu ba. Jama'a, aikina ke nan fa! Kullum sai na ɗauki fuskokin mutanen da ban sani ba, in gyara musu wuyan riga, in ce su ɗaga haɓa, amma uwata ta tsallake ni ta je wani wuri. Kuma ku zo ku ga aikin banza. An yanke gefen a karkace, hasken ya daki goshinta, mayafin ya zame baya, kumatunta sun faɗa, wuyanta ya fito siriri kamar ba nata ba. Na ja tsaki na ce wannan ko almakashi bai iya riƙewa ba, ya mayar mini da uwa tsohuwa. Na mayar da ambulan inda na same shi. Tambaya ɗaya ce ta bi ni har wurin aiki: hoton fasfo na me, alhali takardunmu duka ba su kusa ƙarewa ba?

Da yammar ranar Tafinta ya zo ɗaukata daga shago. Na sa doguwar rigata ruwan toka da mayafi ruwan hoda, na ɗan goga turare, don ko ina cikin damuwa ba na yarda ya gan ni a hargitse. Yana tada mota wayarsa ta haɗu da lasifikar motar, yana ƙoƙarin kunna mana karatu sai yatsansa ya taɓa wani saƙon murya. Muryar da ta cika motar, ko a cikin barci aka tashe ni na san ta.

"Ɗan nan, Alhamis ɗin da alƙali ya sa tana nan ko? Don Allah kar ka bari Auta ta ji, balle babanta. Ka san dai…"

Ɗif. Ya kashe.

Na juyo gaba ɗaya na fuskance shi. "Muryar wa na ji?"

"Auta…"

"Malam, tambayarka na yi. Muryar wa na ji?"

"Ta Umma ce."

"Wane alƙali? Me Umma ta yi da za ta je gaban alƙali?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon titi. "Ba ta yi laifin komai ba, wannan kam zan iya faɗa miki. Sauran kuma ba nawa ba ne. Na yi rantsuwa a aikin nan, abin da na ji a bakin mutum ba ya fita daga bakina sai inda ya aike ni."

"Mutum? Uwata ce mutum?"

"Ita ta fi kowa cancanta in riƙe mata."

Kun ji fa. Ko ɗaga murya bai yi ba. Na ce ya sauke ni a tashar bas, ya ce ana ruwa, na ce ruwan ba a kansa yake zuba ba. Ya sauke ni, ya tsaya nesa kaɗan da fitila a kunne har bas ta zo na shiga. Ban ɗaga masa hannu ba.

Ban tambayi Umma ba. Na san ta, in ta rufe baki ko da cokali ba ka buɗe shi. Sai na koma sa ido. Na daina sa abin jin waƙa a kunne, na fara dawowa gida da wuri, ina cire takalmi tun a matakala. A haka na kama ta. Tana kicin tana wanke kwanuka, famfo a buɗe, tana magana ita kaɗai da yaren mutanen nan, a hankali, kamar yaro mai bitar karatu. "Sunana…" sai ta faɗi sunanta na yanka. Ta tsaya, ta sake. "Sunana…" A bayan sunan nata kuma, inda sunan Abba ya saba zama, sai na ji sunan Kaka, mahaifinta, wanda ya rasu shekarar da muka zo. Kar ku ce in rubuta muku sunayen, ban yi rashin kunyar da zan kama sunan uwata a gaban jama'a ba.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane nauyin abin. Ranar da muka sauka ƙasar nan, matar da ke yi mana rajista ta tambayi sunan Abba, sai kawai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana liƙa mana shi a baya, har da Umma. Su a wurinsu haka ake yi, mata da sunan miji take tafiya. Mu kuwa sunan da ke bayan naka na ubanka ne. Da aka fassara wa Umma sai ta kama baki ta ce, "Baban Auta, sun mayar da ni 'yarka!" Aka yi ta dariya. Abin ya zama wasan gidanmu, in Abba yana son tsokanarta sai ya ce, "Ina babbar 'yata? A kawo mini ruwa." Shi da hannunsa ya rubuta sunan a jikin akwatin wasiƙarmu na ƙasa, kuma duk lokacin da ruwa ya goge shi sai ya sake bin sa da alƙalami. Yakan ce a ƙasar da ba ka da kowa, gida ɗaya suna ɗaya. Umma kuwa in an kira ta a asibiti da sunan, takan yi kamar ba ta ji ba sai na taɓa ta. Ni duk tsawon shekarun nan na ɗauka kunyar sunan miji ce kawai.

Yanzu ga ta tana koyon yadda za ta ajiye shi a gaban alƙali, a ɓoye.

Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Wa zan gaya wa? Sai shaiɗan ya nuna mini lambar Goggo, ƙanwar Abba, da ke wani gari can. Na ce mata wai wata ƙawata ce mamarta ke son canza suna a kotu, me hakan ke nufi?

"Wace ƙawar taki? Ke Auta, ni za ki yi wa wayo? Uwarki ce ko?"

"Goggo ni ban ce…"

"Tabɗi! Ai haka matan ƙasar nan suke farawa. Yau suna, gobe ta buɗe asusunta ita kaɗai, jibi miji ya dawo daga aiki ya tarar an canza makullin ƙofa. Na ga irinsa da idona ba sau ɗaya ba. Wa ke kai ta kotun? Ai ba ta jin yare."

Na fara kame-kame.

"Yaron nan naki ne ko? To shi ke nan, lissafi ya fito. Ke ba ki tambayi kanki me ya sa ta fara sonsa dare ɗaya ba? Ya yi mata aiki, za ta biya shi da ke. Ki tashi tsaye, 'yar nan, kar a rushe gidan ubanki kina ɗinka labule."

Na san Goggo ba ta taɓa shiri da Umma ba, na sani. Amma ku faɗa mini gaskiya, in ku ne, ina za ku ajiye maganar nan? Kofin zinare, labule, hoton fasfo, "balle babanta." Duk inda na juya su sai su hau kan juna daidai. Na fara tuno abubuwan da ban taɓa ba muhimmanci ba. Umma ta koma kwana a kujerar falo wai zafi take ji. Ta daina cin abinci tare da mu, ta ce ta ci a kicin. Ranar nan Abba ya yi mata wasan "babbar 'yata," maimakon ta harare shi kamar kullum sai ta tashi ta shiga banɗaki ta daɗe. Na ce a raina, Allah sarki Abba, ana shirin barinka kana nan kana goge takalmi.

Na ɗauki waya na rubuta wa Tafinta.

"Na san komai. Sunan Abba za ta cire."

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa.

"Ki yi magana da Umma."

"Da kai nake magana. Rabuwa za su yi?"

"Ba zan ce eh ba, ba zan ce a'a ba. Duk wanda na faɗa, na buɗe abin da aka ba ni in rufe."

"Ni aka yi maka alkawari a matsayin lada?"

Wannan karon ya daɗe. Sai ga shi: "Wannan maganar ta yi mini ciwo, Auta. Amma na fi son ki yi fushi da ni a kan in ci amanarta. Ki ba ni zuwa bayan Alhamis, zan roƙe ta ta gaya miki da kanta."

Bayan Alhamis! Wato bayan an gama, alƙali ya buga hatimi, sannan a kira ni a ba ni labari kamar baƙuwa. Na kife wayar a kan gado. Mutumin da zai kalli idona ya ɓoye mini abin da ya shafi gidanmu tun kafin aure, bayan aure me zai ɓoye? Abin da na yi ta nanata wa kaina ke nan, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ina nanatawa ina kuka, don ina sonsa.

Alhamis da safe Umma ta fito cikin doguwar rigarta mai ruwan zuma, wadda take ajiyewa a leda a saman kabad, da farin mayafi mai ƙananan duwatsu a baki. Rigar ta yi mata yawa, har ta kama ta da fil a kafaɗa. Ta sa kwalli. Ta ce mini za ta je sayen zare.

"Zare, Umma? Da wannan rigar?"

"An hana ne?"

Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni, ta gyara mini gefen ɗankwali da hannunta, abin da ta daɗe ba ta yi ba. "Gobe ki ba babanki amsa mai daɗi, kin ji?" Ta sauka a hankali tana riƙe da ƙarfen matakala.

Abba yana falo da rigar aikinsa mai ruwan bula, aikin rana gare shi, yana shan shayi yana duba hanyar da aka ba shi a waya. Na durƙusa a gabansa. Ban san ta ina na fara ba, na dai san na zazzage masa komai, har da fassarar Goggo, kamar ni na gani da idona. Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye kofin a hankali a kan tebur.

"Mamarku?" ya ce. "Kin tabbata?"

"Na ji da kunnena, Abba."

Ya daɗe yana kallon keken ɗinkinta. Sannan ya kira wurin aiki ya ce ba zai samu zuwa ba, abin da ban taɓa jin ya yi ba ko yana zazzaɓi. Ya ɗauki hularsa. "Tashi mu je. In na yi mata wani laifi, gara in ji shi da kunnena."

Muka hau bas. Direban abokin aikinsa ne, ya yi masa wasa, Abba ya ɗaga hannu kawai. Ni kuwa ina zaune ina hura wa kaina wuta. Da muka isa bakin kotu, kafin mai gadi ya ce a kashe waya, na tsaya gefe na rubuta wa Tafinta saƙo na ƙarshe: "Ka gaya wa kawunnanka kar su wahalar da kansu. Na fasa." Na tura. Alama ɗaya ce ta fito, wato bai shiga ba, tasa wayar a kashe take. Na kashe tawa na jefa a jaka.

A zauren ƙasa akwai allon bango mai nuna sunaye da lambar ɗaki. Abba ne ya fara hango sunansa a bayan na Umma. Muka hau. Ɗakin ƙarami ne, ba irin na fim ba, benci kaɗan, tuta a kusurwa, wata dattijuwar mai shari'a da tabarau a kan hanci. Muka lallaɓa muka zauna a bencin ƙarshe, bayan wani mutum mai faɗin kafaɗa. Umma tana gaba, ta ba mu baya. Tafinta yana tsaye a gefenta da baƙar kwat, shi kuma rabin fuskarsa yana kallon ɗakin. Na ji yana shaida wa mai shari'a cewa ya san matar, yana neman auren 'yarta, ya sanar da ofis amma babu wani mai fassara. Mai shari'a ta ce tunda babu mai jayayya, a ci gaba.

Aka ce Umma ta faɗi sunan da take so. Ta miƙe ta faɗa da yaren mutanen nan, tsaf, irin yadda ta yi ta bita a kicin. Na ji Abba ya ja numfashi.

A daidai nan Tafinta ya ɗago ido ya gan mu. Wallahi na ga lokacin da fuskarsa ta canza. Ya buɗe baki kamar zai yi wa Umma magana, sai mai shari'a ta riga shi.

"Kin shekara da shekaru da wannan sunan. Me ya sa sai yanzu? Akwai matsala tsakaninki da mijinki?"

Ya fassara mata. Umma ta girgiza kai, ta amsa da Hausa, don haka ni da Abba mun riga mai shari'a ji.

"Ka ce mata mijina mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ka ce mata likita ya ce abin da ke cikina ya bazu, ba su da sauran dabara, kai ma kana wurin. Na je maƙabartar garin nan na gani da idona, a nan suna rubuta sunan mutum a kan kabarinsa, kuma abin da ke takarda shi suke rubutawa. Ni ba na so a rubuta ni 'yar mijina. Ubana ni kaɗai ya haifa, shi ya goya ni da uwata ta rasu, ya mutu ban je ba. Ko a dutse ne, ina so a ga sunansa kusa da nawa."

Masu karatu, ban san yadda zan rubuta muku abin da na ji ba. Hoton fasfon nan ne ya faɗo mini, kumatun, wuyan. Ni da nake duba fuskar mutane daga safe zuwa yamma, na kalli fuskar uwata na ce laifin haske ne.

Tafinta ya yi tsit. Mai shari'a ta dube shi ta saman tabarau. "Mai fassara?"

Ƙa'idar aikinsu, ba ya cewa "ta ce." Yadda mutum ya yi magana haka yake mayarwa, kamar shi ne. Sai ga shi a tsaye, idonsa a ƙasa, yana cewa da yaren mutanen nan, "Mijina mutumin kirki ne. Abin da ke cikina ya bazu." Haka muka sake jin ta daga farko har ƙarshe, bai rage ko kalma ba.

Mai shari'a ta cire tabarau. "Iyalinki sun sani?"

"A'a," in ji Umma. "Sai an ɗaura auren autata. Na san ta, in ta ji za ta ce ta fasa, ta zauna jinyata. Ina so in ga ta shiga ɗakinta da idona. Shi kuma babanta, in ya ji ba zai iya tuƙi ba, ga mutane a bayansa."

Hular Abba ce ta faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, irin wanda ban taɓa ji a bakin namiji ba. Mai faɗin kafaɗar nan ya matsa gefe yana waiwaye.

Umma ta juyo.

Ta ga Abba. Ta gan ni. Ta dafa teburin da ke gabanta. Na ɗauka ni za ta yi wa magana, na ma fara miƙewa, amma sai ta ɗauke idonta daga kanmu ta mayar kan Tafinta. Ta kalle shi tun daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi masa a zamanin tsagaggen kofi.

"Ashe dai ban yi kuskure da farko ba," ta ce a hankali. "Na ba ka amana, na ba ka 'yata, ka je ka kwance mini zane a gabansu. Ka cuce ni, ɗan nan."

Na jira ya ce ba shi ba ne. Kalma ɗaya ce, ya nuna ni da yatsa ya wanke kansa. Bai ko kalli inda nake ba.

"Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan sai an fassara," in ji mai shari'a. "Me ta ce?"

Ya gyara tsayuwa, ya haɗa hannuwansa a baya. "Na ba ka amana," ya ce da yarensu, "na ba ka 'yata. Ka cuce ni."

Mai shari'a ta dubi Abba, ta dube ni, ta dawo kansa. "Da wa take?"

"Da ni take, ranki ya daɗe."

Ina tsaye riƙe da bencin gabana, ni da na kwaso Abba na kawo shi, na bar shi ya ɗauki laifina. Daga inda nake ina hango shatin wayarsa a aljihun kwat ɗinsa, a kashe, saƙona bai shiga ba tukuna.